Farfesa Stuart Levy: Likitan Da Ya Bi Sawun Ƙwayoyin Cuta Masu Gagarar Magani

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti, aka rubuta magani aka sha har ya ƙare ba a ga sauƙi ba, aka sake rubuta wani wanda ya fi na farko tsada shi ma ya ƙi ci, to, ya ɗanɗana wani ɓangare na matsalar da wani likita mutumin Amurka ya ƙarar da rayuwarsa yana bincike a kanta. Sunan wannan likita Farfesa Stuart Levy, malami a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Tufts da ke birnin Boston. Ya rasu ran 4 ga watan Satumba na 2019 yana da shekara 80, bayan ya yi shekara 47 yana koyarwa da bincike a wannan jami'a.

Matsalar kuwa ita ce yadda ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake kira bakteriya suke daina jin magungunan da aka ƙera don kashe su, watau magungunan antibayotik kamar su fenisilin da tetirasaikilin. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga cikin 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka gagari magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina hasarar rayuka, inda aka sami mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Saboda haka labarin wannan malami, ko da yake a Amurka ya zauna ya yi aikinsa, ya shafi kowane gida na wannan yanki.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Stuart Levy ran 21 ga watan Nuwamba na 1938 a garin Wilmington na jihar Delaware. Mahaifinsa likita ne, kuma shi ɗan tagwaye ne. Ɗan'uwan tagwaicinsa, Dokta Jay Levy, shi ma ya shahara a fagen kimiyya, domin yana cikin masanan farko da suka ware ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji a farkon shekarun 1980.

Abin sha'awa ga ɗalibai shi ne, digirinsa na farko a fannin adabin Turanci ya yi shi, a Kwalejin Williams, inda ya gama cikin 1960. Daga nan ne ya shiga makarantar likitoci ta Jami'ar Pennsylvania ya fito likita cikin 1965. Wannan karatu na adabi bai tafi a banza ba, domin daga baya ya zama yana cikin masanan da suka iya sauko da magana mai zurfi har manomi da ɗan majalisa su fahimta.

Tun yana ɗalibi ya sami damar zuwa Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, daga bisani kuma ya tafi Tokyo ya yi aiki a ɗakin gwajin Farfesa Tsutomu Watanabe na Jami'ar Keio. Wannan tafiya ta Japan ita ce ta sauya masa alƙibla, domin a can ne ya ga abin da ya zama aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

ABIN DA AKA GANI A JAPAN

Kafin a fahimci abin da Levy ya tarar a Tokyo, sai an ɗan koma baya. Cikin 1928 ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka fara ƙera shi da yawa. Cututtukan da a da suke kashe mutane kamar ƙudaje, irin su ciwon haƙarƙari da ruɓewar rauni da zazzaɓin jego, sai suka zama abin da allura kaɗan take warkarwa. Amma tun a cikin laccar da ya yi ta karɓar lambar Nobel a 1945, Fleming ya yi gargaɗi cewa wanda ya sha maganin bai kai ƙima ba zai iya koya wa ƙwayoyin cutar jure masa.

A shekarun 1950 ƙasar Japan ta yi fama da annobar atini. Likitoci suka fara ganin ƙwayar cutar atinin, wadda ake kira Shigella, tana bijire wa magunguna huɗu a lokaci guda: salfa, da sitiraftomaisin, da kuloramfenikol, da tetirasaikilin. Wannan ya ɗaure wa masana kai, domin a saninsu ƙwayar cuta takan sami canjin halitta ne jefi-jefi, ta gagari magani ɗaya, sa'an nan ta gadar wa 'ya'yanta. Cikin 1959 masana biyu na Japan, Ochiai da Akiba, suka nuna cewa wannan gagara tana iya tsallakawa daga wata irin bakteriya zuwa wata irin dabam, idan suka haɗu a cikin hanji ko a kwalbar gwaji.

Sirrin yana cikin wani ɗan ƙaramin zobe na sinadarin gado wanda ake kira falasmid. Shi wannan zobe yana zaune ne a cikin bakteriya daban da ainihin kundin gadonta, kuma yana ɗauke da umarnin yadda za a tsere wa magani. Idan bakteriya biyu suka manne da juna, sai mai zoben ta kwafa ta miƙa wa 'yar'uwarta, kamar yadda ɗalibi yake ba abokinsa littafi ya kwafa. Ma'anar wannan ita ce, bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjin mutum ba ta cutar da kowa, tana iya zama rumbun da mai cutarwa za ta ɗebi makami. Watanabe ne ya tattara wannan ilmi ya rubuta shi da Turanci cikin 1963, har masanan Turai da Amurka suka farga.

KAJI 300 A WATA GONA

Levy ya kama aiki a Jami'ar Tufts cikin 1971. A wannan lokaci wata al'ada ta riga ta kafu a gonakin Amurka da Turai. Tun wajen 1950 masu bincike na wani kamfanin magunguna suka lura cewa idan aka zuba antibayotik ɗan kaɗan a cikin abincin kaji da aladu, sukan girma da sauri ko da lafiyarsu lau. Manoma suka rungumi wannan dabara hannu biyu-biyu. A Ingila wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Michael Swann ya ba da rahoto cikin 1969 cewa a daina amfani da magungunan da ake yi wa mutane jiyya da su don ƙara wa dabbobi ƙiba. A Amurka kuwa gardama ta ƙi ƙarewa, kowane ɓangare yana cewa a kawo hujja.

Ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera magungunan dabbobi ita ce ta ba da kuɗin a yi gwaji, kuma Levy ne ya ɗauki aikin. Cikin 1974 ya sami wani iyali a ƙauyen Sherborn, kusa da Boston, waɗanda suka yarda a yi gwajin a gonarsu. Aka kawo 'yan tsaki wajen 300 aka raba su cikin keji-keji. Wasu aka riƙa ba su abinci mai ɗauke da tetirasaikilin, wasu kuma abinci zalla. Kowane mako sai a karɓi kashin kajin, da bayan gidan mutanen gidan su 11, da na maƙwabtansu su 24, a kai ɗakin gwaji a ƙidaya bakteriyar da ta gagari magani.

Cikin mako guda, kusan dukan bakteriyar hanjin kajin da ke cin abinci mai magani ta zama ba ta jin tetirasaikilin. Wannan ba a yi mamakinsa ba. Abin da ya biyo baya shi ne allura ta tono garma. Da aka yi 'yan watanni, sai bakteriyar kajin ta fara gagarar wasu magungunan da ba a taɓa ba su ba, domin zoben falasmid ɗaya yakan ɗauki makamai da yawa a tare. Bugu da ƙari, sai abin ya tsallaka zuwa ga mutanen gidan, waɗanda ba su sha maganin ba. A wata na biyar da na shida, kashi 31.3 cikin 100 na samfurin da aka karɓa daga mutanen gidan an tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na bakteriyar da ke ciki ba ta jin tetirasaikilin. A wurin maƙwabta kuwa kashi 6.8 ne kawai. Mutum 7 cikin 11 na gidan aka sami irin wannan sakamako a jikinsu sau biyu ko fiye, amma mutum 3 ne kacal cikin maƙwabta 24.

An buga wannan sakamako cikin 1976 a mujallar New England Journal of Medicine, wadda take cikin manyan mujallun likitoci na duniya. Waɗanda suka biya kuɗin aikin ba haka suka so ba, amma Levy ya buga abin da ya gani. Akwai kuma wani darasi mai daɗin ji a ƙarshen gwajin: bayan an daina zuba maganin da 'yan watanni, bakteriya mai gagarar ta ragu ƙwarai a jikin yawancin mutanen gidan. Watau idan aka sassauta amfani da magani, a wasu lokuta ɓarnar tana iya ja da baya.

Cikin 1977 shugaban hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, Dokta Donald Kennedy, ya yi yunƙurin hana zuba fenisilin da tetirasaikilin a abincin dabbobi don ƙiba. Majalisar ƙasar ta taka masa birki, ta ce a ƙara bincike. Ƙasar Suwidin ce ta fara hanawa cikin 1986, Tarayyar Turai ta hana baki ɗaya cikin 2006, Amurka kuwa sai a watan Janairu na 2017 ta dakatar da amfani da magungunan da ke da muhimmanci ga lafiyar mutane don ƙara ƙiba. Tsakanin gwajin Sherborn da wannan mataki an yi shekara 40 da ɗoriya.

FAMFON DA KE CIKIN ƘWAYAR CUTA

Aikin da ya fi ɗaga sunan Levy a tsakanin 'yan'uwansa masana ya faru ne a ɗakin gwaji. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: ta wace hanya ce bakteriya take tsere wa tetirasaikilin? Game da fenisilin an riga an sani cewa bakteriya takan fitar da wani sinadari da ke farfasa maganin. Amma tetirasaikilin ana tarar da shi lafiya lau bai lalace ba, ga shi kuma bai yi aiki ba.

Shi tetirasaikilin aikinsa shi ne ya shiga cikin bakteriya ya toshe wurin da take ƙera furotin, abin da idan babu shi ba za ta girma ko ta hayayyafa ba. Levy da abokiyar aikinsa Laura McMurry suka nuna, a cikin maƙalun da suka buga a 1978 da 1980, cewa bakteriya mai gagara tana da wani furotin a jikin fatarta wanda yake aiki kamar famfo. Da zarar magani ya shiga, sai famfon ya yi amfani da ƙarfin da ƙwayar take samarwa ya turo shi waje, ta yadda ba zai taru ya kai yawan da zai yi illa ba. Misalinsa kamar mai kwalekwale ne da ke kwarfe ruwa da ƙwarya: muddin yana kwarfewa da saurin da ya kai na shigar ruwan, jirgi ba zai nutse ba.

Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan famfo a matsayin hanyar gagarar antibayotik. A yau an san ire-irensa masu yawa a cikin bakteriya dabam-dabam, kuma babu littafin koyar da ilmin ƙwayoyin cuta da ba a ambace su ba.

Cikin 1983, tare da Anthony George, Levy ya sake gano wani abu. A cikin ainihin kundin gadon bakteriyar hanji da ake kira E. coli akwai wani gurbi da suka raɗa wa suna mar. Wannan gurbi kamar makunnin lantarki yake. Idan ya kunnu, sai ya sa a ƙara yawan famfunan fitar da magani, a kuma rage ƙofofin da magani yake shiga ta cikinsu. Ta haka bakteriya ɗaya take iya jure wa magunguna iri-iri waɗanda ba su da dangantaka da juna, ko da ba ta karɓi zobe daga kowa ba.

Daga nan ya juya kan sabulai da ruwan wanke-wanke da ake tallar cewa suna kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 1998 shi da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa sinadarin tirikilosan, wanda ake zubawa a irin waɗannan sabulai, yana kai hari ne a kan wuri guda takamaimai, inda bakteriya take ƙera kitsen fatarta. Tun da wuri ɗaya yake kai wa hari kamar antibayotik, ashe bakteriya tana iya koyon tsere masa. Cikin 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sa tirikilosan da wasu sinadarai 18 a sabulun wanka da na wanke hannu na gida, bisa dalilin cewa ba a nuna sun fi sabulu da ruwa amfani ba.

DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA DANDALIN DUNIYA

Levy bai yarda masani ya tsaya a kan rubuta maƙala kawai ba. Cikin 1981 aka yi wani taron masana falasmid a birnin Santo Domingo na Jamhuriyar Dominika. A can ne ya jagoranci rubuta wata sanarwa wadda masana kusan 150 daga ƙasashe da yawa suka sa wa hannu, suna kokawa da yadda ake sayar da antibayotik ba tare da takardar likita ba, da rubuta shi ga cututtukan da ba ya yi musu magani, da zuba shi a abincin dabbobi. A wannan shekara ya kafa ƙungiyar APUA, watau ƙawancen masu neman a yi amfani da antibayotik bisa hankali. Ƙungiyar ta yi rassa a ƙasashe fiye da 60, har da na Afirka, kuma cikin 2019 aka haɗe ta da wata ƙungiyar masana magungunan ƙwayoyin cuta ta duniya.

Cikin 1992 ya wallafa littafinsa mai suna The Antibiotic Paradox, wanda ya rubuta domin jama'a. Jigon littafin shi ne yawan amfani da waɗannan magunguna shi ne yake cinye ƙarfinsu. Ya sha bayyana cewa antibayotik ya sha bamban da sauran magunguna. Wanda ya sha maganin hawan jini, jikinsa kaɗai abin ya shafa. Amma wanda ya sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, yana kiwon bakteriya mai gagara a cikinsa, wadda za ta iya kaiwa ga matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcinsa. Don haka yake ɗaukarsa a matsayin dukiyar al'umma, kamar rijiyar unguwa wadda idan mutum ɗaya ya gurɓata ta kowa zai sha.

An zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana ƙwayoyin cuta ta Amurka a 1998. Kafin nan, cikin 1996, shi da Farfesa Walter Gilbert, wanda ya taɓa cin lambar Nobel, sun kafa kamfanin Paratek domin ƙera sabon tetirasaikilin wanda famfon bakteriya ba zai iya fitarwa ba. An yi shekara 22 ana wannan aiki kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mai suna omadasaikilin, a watan Oktoba na 2018. A wannan shekara ce kuma Levy ya yi ritaya, yana fama da cutar Parkinson mai sa makyarkyata. Tsawon lokacin da wannan magani guda ya ɗauka ya isa ya nuna cewa ƙera sabo ya fi lalata tsoho wuya nesa ba kusa ba.

INDA AKA KWANA

Abin da Levy ya yi ta faɗa tun ana yi masa kunnen uwar shegu ya zama manufar duniya. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani shiri na yaƙi da gagarar magani. Cikin 2016 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zama na musamman a kan batun, aka sake yin wani cikin 2024, inda ƙasashe suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Nijeriya ta fitar da nata shirin na ƙasa cikin 2017. Kowace shekara kuma, daga ran 18 zuwa 24 ga Nuwamba, ana yin makon wayar da kai a duniya, kuma sai aka yi dace ranar haihuwar Levy ta faɗo a tsakiyar wannan mako.

Amma takarda ba ta kashe ƙwayar cuta. Abubuwa uku da sanarwar Santo Domingo ta yi kuka da su cikin 1981 har yanzu ana ganinsu a garuruwanmu. Mutum yakan shiga kemis ya sayi kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin aljihunsa, ko ya saya a tashar mota wurin mai talla wanda rana ta gama dukan kayansa. Uwa takan ba yaro antibayotik saboda mura, alhali mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Mai kiwon kaji yakan zuba magani a ruwan shan 'yan tsaki tun ranar da ya kawo su, sa'an nan ya sayar da ƙwai ko nama ba tare da ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin ba.

Gyaran kuwa ba a ɓoye yake ba. Kada a sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma sha shi daidai yadda ya ce, kada a ajiye saura don wata rana ko a ba wani. Mai kiwo ya nemi shawarar likitan dabbobi, ya dogara da tsabtar keji da allurar rigakafi. Hukumomi kuma su wadata asibitoci da ɗakunan gwaji, domin likitan da ba shi da hanyar sanin wace ƙwaya ce ke damun majiyyaci, dole ya yi ta laluben magani cikin duhu. Ruwan sha mai tsabta da rigakafin yara su ma suna rage buƙatar maganin tun daga tushe.

Ga ɗaliban kimiyya kuma, akwai abin lura a gwajin Sherborn. Kayan aikinsa kaji ne, da buhunan abinci, da farantan renon bakteriya, da haƙurin ƙidaya kowane mako. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin sashen nazarin ƙwayoyin cuta na jami'o'inmu, kuma gonakin kaji suna nan birjik a gefen kowane babban gari.